Wat 10,000 a Jikin Kwali, Wat 40 a Cikin Akwati

Duk wanda ya buga "10,000W" a jikin kwalin sifikar ɗaki maƙaryaci ne. Wanda ya yo odar ta da wannan rubutu ya san ƙarya ce. Yaron shagon da ke dafa ƙirji yana rantsuwa a kanta kuwa, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko ya sani ya haɗiye. Ba zan nemo wata kalma mai taushi in lulluɓe zancen da ita ba, don yawan lulluɓewar ne ya sa ƙaryar ta yi ƙiba. A da wat 500 ake rubutawa, aka koma 2,000, yanzu ka zaga layin 'yan kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas, za ka ga akwatin da yaro ɗan firamare zai ɗaga da hannu ɗaya, an jera masa sifili har huɗu, an zagaye su da zanen walƙiya da harshen wuta.

Lissafin da ke tona asirin nan bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Filogi mai baki uku da muke amfani da shi, mafi girman fiyus ɗin da ake sa masa amfiya 13 ne. Wutar gida kuma bolt 230 ce, ranar da NEPA ta kawo ta cikakkiya. Ninka 13 da 230, ba za ka cika wat 3,000 ba. Iyakar abin da filogi ɗaya zai ja ke nan kafin fiyus ya tsinke. To sauran 7,000 ɗin ta ina suke shiga akwatin? Ta taga? Na'ura ba ta haifar wuta, wadda aka ba ta ita take juyawa zuwa sauti, kuma ko a nan sai ta zubar da wani kaso ya zama zafi.

Ba ma sai ka yi ninki ba. Juya akwatin ka duba bayansa, kusa da inda wayar wuta ta fito, akwai wata 'yar takarda da aka manna da ƙananan haruffa, wadda mai shago ba zai taɓa nuna maka ba. A nan aka rubuta wutar da na'urar take ci. Sau da yawa wat 40 za ka gani, ko 60, in ta yi ƙoƙari ta kai 100. Abin da ya ci 60 ba zai amayar da 10,000 ba. Ga kuma shaidar da kowa ke gani da idonsa kullum dare: ƙaramin janaretan nan da ko wat 1,000 ba ya kaiwa, wanda dutsen guga ɗaya ke durƙusar da shi, shi ne ke ɗaukar talabijin da fanka da ƙwayaye uku da wannan dodon sifikar gaba ɗaya, ko tari ba ya yi. Amma maigidan zai zauna a majalisa yana cewa tasa mai dubu goma ce.

Dabarar tana cikin haruffa huɗu da ake maƙala wa lambar: PMPO. Wai ƙarfin da na'ura za ta iya tunkuɗowa a ƙiftawar ido, lokacin da kiɗa ya kai ƙololuwa. Babu wata hukumar awo a duniya da ta tsayar da yadda ake auna shi. Kowane kamfani da irin ninkin da yake yi, wani sau 10, wani sau 100, wani kuma ko awon ba ya yi, lambar da ta cika gefen kwali ita ake bugawa. Awon da ake iya kama mutum da shi shi ne wanda ake rubuta wa RMS, wato ƙarfin da amfilifaya za ta riƙe tana bayarwa ba tare da ta gaji ko sautin ya dagule ba. Shi ma in ba a faɗi om nawa, wato nauyin sifika, aka auna shi a kai ba, da yawan gurɓacewar sautin, da sauran rina a kaba.

Wannan wasan ba sabo ba ne, kuma ba a nan aka fara shi ba. A Amurka kamfanonin kayan sauti sun yi ta tseren ƙarya da lambobi har hukumar kula da cinikayya ta tarayyar ƙasar ta gaji, ta kafa doka a 1974. Ta ce duk mai tallar ƙarfin amfilifayar gida dole ya faɗi ƙarfin da take riƙewa a dore, ya faɗi om nawa, ya faɗi iyakar sautin da aka gwada, ya faɗi yawan gurɓacewa, kuma sai an bar na'urar ta yi zafi kafin a auna, don kada a yi awon tana sanyi a yaudari mutane. A 2024 hukumar ta sake ɗaure dokar. Sama da shekara 50 ke nan da wasu suka toshe wannan kafa, mu kuma har yau muna tafa wa kwali.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun san sunan wannan aiki a kowace kasuwa, ban da ta kayan wuta. In mai hatsi ya buga gindin mudunsa ya lotsa, sunansa mai tauye mudu, kuma in aka kama shi sarkin kasuwa ba zai saurari "ai haka kowa ke yi" ba. Mutumin da zai ji kunyar a ce ya rage maka ƙwayar gero, shi ne zai sayar maka da wat 40 da sunan 10,000, ya karɓi kuɗi, ya rubuta maka a rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ya rufe shago ya tafi sahun gaba. Kada a ce mini laifin 'yan Chana ne. Masana'anta abin da mai oda ya biya shi take ƙerawa, abin da ya ce a buga shi take bugawa. Ƙasar da ke turo mana wannan tarkace ita ce kuma ke ƙera wa manyan kamfanonin duniya kayansu masu kyau. Wanda ya je ya ce a rage nauyin maganaɗisu a ƙara sifili ɗan'uwanmu ne, da harshenmu yake magana.

Kuma ba wai babu doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana a siffanta kaya da abin da ba shi ne ba, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa yadda aka siffanta masa su. Akwai hukumar FCCPC da dokar ta kafa, akwai SON mai kula da ingancin kaya, wadda tun 2005 take da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su. Ƙaryar nan ba a ɓoye take a cikin injin ba balle a ce sai an kwance. A waje take, da jan fenti, ana hango ta daga tsallaken titi. Mita ɗaya da ma'aikaci ɗaya mai tsoron Allah sun isa su kunyata layi guda kafin azahar.

Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu ne muka koya wa 'yan kasuwa cewa lamba muke saye. Tsaya a bakin shago ka ji yadda cinikin yake tafiya. "Alhaji, wannan wat nawa ce?" "Ranka ya daɗe, ai wannan in ka kunna ta sai an ji ka a bakin titi." Shi ke nan, an gama. Ba wanda ya tambayi girman ɗakin da za a sa ta, ba wanda ya tambayi me za a saurara. Ɗan kasuwar da ya kawo mai gaskiya, wadda aka rubuta wa wat 30 a kowane gefe, sai ta yi ƙura a kanta yana kallo, maƙwabcinsa mai dubu goma yana ta ɗaure kwali a bayan babur. Wata na gaba shi ma ya san abin da zai ce a buga masa.

Alhali wat ba shi ne ƙara ba. Sifikar gida ta sosai, in ka ba ta wat 1 kacal ka tsaya taku ɗaya daga gabanta, tana ba da ƙara tsakanin desibel 85 zuwa 90. Wannan ya isa ya sa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Wat ɗaya fa. In ka ninka wat ɗin sau 2, desibel 3 kawai ka ƙara, abin da kunne zai ɗan lura da shi ne kurum. Kafin kunnenka ya ce ƙarar ta ninka, sai ka ninka wat ɗin wajen sau 10. Ke nan tsakanin amfilifaya mai wat 50 da mai wat 100 babu wani abin a zo a gani. Falon da yawancinmu muke zaune a ciki, wat 20 ko 30 na gaskiya a kowane gefe sun ishe shi har da ragi.

Gwajin da ake yi a kasuwa ma wani abin haushi ne. Janareta na ruri a hagu, shago biyar na kiɗa a dama, sai yaron shago ya sa waƙa ɗaya mai dukan ƙirji, ya murɗa bes har ƙarshe, fitilu ja da shuɗi suna ta wulgawa a fuskar akwatin. Kai kuma ka ji cikinka yana rawa ka ce ta yi. Me za ka saurara da ita a gida? Labaran rediyo, karatu, wa'azi, fim ɗin Hausa, sharhin ƙwallo. Kusan duka muryar mutum ce, kuma muryar mutum a tsakiyar sauti take zaune, daidai wurin da irin waɗannan akwatuna suka fi rauni. Shi ya sa za ka kai ta gida, ƙasa na girgiza amma ba ka gane abin da jarumar fim take cewa, sai ka ƙara murya, girgizar ta ƙaru, maganar ta ƙara nutsewa. In za ka saya, tafi da muryar da ka sani a wayarka, ta mai karanta labarai ko ta malamin da ka saba ji, ka ce a mayar da bes da tirebul tsakiya, a rage ƙara. In muryar ta fito kamar mutumin na gabanka, to a yi ciniki. Ka kuma ɗaga akwatin ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa gefensa. Ka kara kunne a kan ƙaramar sifikar sama, tiwita, don a kan samu wadda roba ce kawai aka manna don ado, ko waya babu a bayanta. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba.

A ce ma Allah ya taimake ka ka dace da ta ƙwarai. Aika-aikar da ake yi mata a gida ta isa ta mayar da ita ta banza. Shiga ɗakin amarya ka gani: sifika biyar da ufa ɗaya, wato mai fitar da bes, an jere su reras a kan dibaida, kafaɗa da kafaɗa, tsakanin kwalaben turare da furen roba. Biyu daga cikinsu an ƙera su ne don su zauna a gefe ko bayan mai kallo, ɗaya a tsakiya daidai talabijin don ita ke ɗauke da magana, biyu a hagu da dama. An tara su wuri guda, an biya kuɗin biyar ana jin ɗaya. Tun 1931 wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar raba sauti hagu da dama, kuma duk hikimarta a tazara take. Nisan da ke tsakanin sifikun biyu ya yi daidai da nisan kowace zuwa inda kake zama, tiwita ta yi saitin kunnenka kana zaune, a ɗan karkato su su fuskance ka. Wannan ko sisi ba ya ci. Ufa kuwa in ka cusa ta a lungu, bango biyu da ƙasa za su kumbura ta ta koma gunji. Jawo ta waje kaɗan ka ji yadda za ta natsu.

Sai kyallen ado. Wa ya fara koya mana lulluɓe amfilifaya da leshi? Waɗannan ramukan da ke samanta ba kwalliya ba ce, ta nan take numfashi. A watan Afrilu, ɗaki ya ɗauki zafi, an rufe ta da kyalle, an ɗora mata dikoda, an tura ta cikin dibaida mai ƙofar gilashi. In ta yanke ana tsakiyar kallo sai a ce aljanu ne ko an yi mata baki. Na san ƙurar hunturu ake gudu, kuma da gaskiya, ita ce ke shiga maɓallin murya har in an murɗa ya riƙa ƙarar yagewar takarda. To a rufe ta in an kashe, a buɗe in an kunna. Wannan ma sai an rubuta a jarida?

Wayoyin baya ma haka. Ja da baƙi da aka sa musu ba don kyau ba ne. In ka juya na sifika ɗaya, ita tana turo iska gaba 'yar'uwarta na ja baya, sai su cinye bes ɗin juna, sauti ya zama holoƙo, muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya ta watse. Mutum zai yi shekara yana zagin kayansa alhali waya biyu zai musanya. In alamar ta goge, cire wayar daga amfilifaya, ɗauki batirin rimot mai bolt 1.5 ka ɗan taɓa bakinta biyu da shi. In fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke gefen batirin mai alamar + ita ce ja. Ka kuma duba wayar kanta, don yanzu kasuwa ta cika da alminiyom da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Kankare ta da reza, in ka ga fari a ciki ka san abin da aka sayar maka. Alminiyom bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen wuce da wuta ba, ga saurin karyewa a wurin ɗauri. Silin waya ɗaya da ya kuɓuce ya taɓa na kusa da shi kuwa ya isa ya kashe amfilifaya nan take.

Wanda ya fi kashe kaya shi ne gwanin unguwa, mai cewa "kawo in ƙara maka sifika". Kowace sifika tana da nauyin da take ɗora wa amfilifaya, ana auna shi da om, yawanci 4 ko 6 ko 8. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ƙanƙantar lambar ita ce nauyin. In ka murɗe wayoyin sifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. In masu om 4 ne, sun koma 2. Huɗu masu om 8 su ma 2 suke komawa. Amfilifayar da aka rubuta wa om 6 zuwa 8 a bayanta, ka ɗora mata 2, wutar da za ta ja ta ninka abin da aka gina ta a kai har sau uku ko huɗu. Za ta yi ƙara kwana biyu, gwani ya karɓi yabo, ranar suna ko walima ta yi hayaƙi.

Ko ba a ƙara mata komai ba, ƙure murya kaɗai na kashe sifika, kuma abin mamaki ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa tana iya ƙona sifikar da ta fi ta girma. Ƙirar sifika ba ta canja sosai ba tun da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fito da ita a 1925: siririyar waya ce aka naɗe, tana kai da komo a cikin maganaɗisu, tana tura fata. Daga wutar da ke shiga wannan naɗi, wajen kashi 1 cikin 100 ne ke zama sauti, saura duk zafi ne. In ka tura amfilifaya ta wuce iyakarta, sai ta fara datse kan sautin, ya fito a daddatse yana tsatsa, zafin da ke shiga naɗin ya ƙaru, tiwita mai siririyar waya ita ke fara tafiya. Wannan tsatsar da kake ji gargaɗi ne. Mu kuma a nan ne muke cewa yanzu ta fara daɗi. Rabin abin da muke turawa cikinta ma tun asali a dagule yake, waƙar da ta bi waya goma da WhatsApp, kowa ya matse ta, ta iso ba jini a jikinta. Babu akwatin da zai mayar mata da abin da aka zubar a hanya.

In amfilifaya ta mutu kuma, sai a ce NEPA. Ban wanke masu wuta ba, suna da nasu kason: wutar da ke zuwa rabi, wadda ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, ga tsawar damina da ke bin wayar dish ta shigo ɗaki. Amma mun san da haka tun muna yara. Wanda ya iya sayen kayan sauti ya iya sayen sitabilaiza. Kafin a juya layi daga NEPA zuwa janareta a kashe amfilifaya, kada a kunna ta sai injin ya daidaita, kada kuma a bari mai ya ƙare tana kunne, don wannan shaƙewar da janareta ke yi kafin ya mutu ba ƙaramar illa take yi wa kayan wuta ba. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa. In hadari ya haɗo, a zare filogi da wayar dish.

Yawancin abin da ake kinkima a kai wa mai gyara ma ba lalacewa ba ce. Gefe ɗaya ya yi shiru? Musanya sifikun biyu. In shirun ya bi sifikar, ita ce ko wayarta. In ya tsaya a gefensa, duba igiyar da ta taso daga talabijin ko waya kafin ka zargi amfilifaya. Kana jin wani gurnani mara yankewa ko ba a sa komai ba? Wannan muryar wutar gida ce, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta samu kafar shiga. Zare igiyoyin da ke shiga amfilifaya ɗaya bayan ɗaya, wadda gurnanin ya tsaya a kanta ita ce mai laifi, kuma sau da yawa ta dikoda ce, ko waya ce da ake caji tana jone, ko gidan ne aka yi wa wayarin ba a binne masa wayar ƙasa ba. Sabon talabijin ya ƙi ba da sauti? Cikin ramukan HDMI, wanda aka rubuta wa ARC shi ke mayar da sauti, in kuma ta igiyar haske ka haɗa kana jin shiru ko tsatsa, shiga saitin sauti ka mayar da shi PCM. In kana zargin naɗin ya ƙone, kashe komai ka ɗan danna fatar a hankali da yatsu, in ka ji tana gurzar wani abu ko kana jin ƙauri, wannan kam ta mai gyara ce. Cikin amfilifaya kuma kada ka sa hannu, kafasitocinta na riƙe wuta ko an zare filogi.

Masu gyara, ina ganin girman na kirkin cikinku, masu mita da haƙuri, waɗanda za su ce maka "Malam, kayanka lafiya lau, wayarka ce" su karɓi na ruwa kawai. Amma Injiniya, kai da fiyus ya tsinke ka naɗa masa silin waya ko takardar sigari ka ce an gyara, ka san abin da ka yi. Fiyus ba ya tsinkewa don nishaɗi, wani abu ne ya ja wuta fiye da kima, shi kuma ya mutu don gidan ya tsira. Ka cire mai gadi ka mayar da kayan ɗakin da yara ke kwana, a kan kafet, kusa da labule. Da kai da wanda ke canja ayisin amfilifaya bai tambayi sifika nawa aka ɗora mata ba, don ya san bayan sati uku za a dawo, duk jirgi ɗaya ya kwaso ku da mai buga kwali.

Duk wannan asarar mai kaya ce, kuɗinsa ne. Inda abin ya daina zama nasa shi ne lokacin da sautin ya tsallaka katanga. Siririn sauti bango na tare shi, amma bes ratsa bulo yake yi, ya bi ƙasa, ya bi rufin kwano. Kai a ɗakinka waƙa kake ji, maƙwabcinka a gidan haya dum-dum kawai ke isa gare shi, ba waƙa ba baiti, ƙarfe ɗayan dare. Tsohuwa mai hawan jini na kwance, mai jego ta samu jariri ya yi barci da ƙyar, ɗalibi na da jarrabawa da safe. A aiko yaro: "Wai in ji Baba, don Allah a ɗan rage, Hajiya ba ta jin daɗi." Amsar da zai koma da ita ita ce "da kuɗina na saya". Kuma kada mai sa wa'azi ko karatu ya ɗauka shi ya tsira. Kyawun abin da ka sa ba ya halatta maka hana mara lafiya barci, malaman da kake saurare ma sun fi kowa faɗin haƙƙin maƙwabci.

Tun 2009 Najeriya take da ƙa'idojin hana hayaniya a ƙarƙashin hukumar NESREA, da iyakar ƙarar da aka yarda da ita a unguwannin zama dare da rana. Mutum nawa ne a layinku suka taɓa jin labarinsu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗakin barci bai kamata ya wuce desibel 30 da dare ba. Ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ƙarar ta kai 90 awa 4 ne kacal a makon. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ƙananan gashin da ke cikin kunne, masu karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Wannan ƙugin da kake ji a kunne bayan an tashi daga biki alamar an taɓa su ce. A gidan biki kuma su wa ke zama dab da sifika? Yara. Su ake bari suna rawa a bakin ufa, wata ma da goyo a bayanta, manya na can nesa a inuwa suna hira da ihu.

Shugabannin 'yan kayan wuta na kowace kasuwa suna da ofis, suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna sasanta rigimar bashi. Su ajiye mita ɗaya a ofishin nan, duk wanda ya sayi amfilifaya ya iya kai ta a auna masa a gabansa kafin ya hau babur. Wanda aka samu kwalinsa ya ce 10,000 mita ta ce 40, a sa shi ya goge sifilin da hannunsa a gaban layi, ya mayar wa mai saye kuɗinsa, ko da me ya rubuta a rasit.